Bazarar da Muka Yi Jinyar Ordinatar Alhaji Isufu

Zafin bana ya kai inda fanka ke hura wa mutum wuta. Ranar Lahadi da muka dawo daga majami'a, ɗana Yakubu ya buɗe ƴar ordinatarsa, wato kwamfuta, a kan tabarma zai yi wani aiki, ba a jima ba ta ɗauke da kanta saboda zafi. Ya yi tsaki ya rufe ta, ya ce ba komai, aikin yana ajiye a wani wuri, ko da waya ma zai ƙarasa. Ya tashi ya tafi shan ruwa. Ni kuwa da ke gefe ina tsince shinkafa, sai da gabana ya faɗi, hannuna ya tsaya cak a cikin tire. An kusa shekara talatin, amma jikina bai manta da abin da baƙin gilashi yake nufi ba.

Bazarar da nake magana ta wajen ƙarshen shekarun casa'in ce. Daminar da ta gabace ta, ruwa ya ɗauke tun hatsi yana fid da kai. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun yi fayau. Mijina Dauda ya bi ƴan cin rani zuwa Nijeriya, ya bar ni da yara biyu da Inna, mahaifiyata. Ni ina aiki a biro, wato ofishin Alhaji Isufu, mai ƙaramin kamfanin gine-gine a Madawa. A asibitin mishan, inda babana ya yi aiki har ya rasu, na koyi buga rubutu, shi ya sa Alhaji ya ɗauke ni ya ɗora ni a gaban ordinatarsa.

Ordinatar tsohuwa ce tun a lokacin. Alhaji ya saye ta a hannun wani Bature magini da ya gina ɗakunan asibitin, sa'ad da zai koma ƙasarsu. Baturen ne da kansa ya rubuta lojisiyel ɗin da ke cikinta, wato tsarin da ke yin lissafin gini. Gilashinta baƙi, rubutunta kore. In ka kunna ta sai ta yi gurnani, ta yi tari, sannan ta gaishe ka. Amma ta san buhunan simintin da suka shiga kowane shantiye, wato wurin aikin gini, ta san ƙarfe da man gazuwal da zuwan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ta san ranakun aikin kowane lebura.

A shekarar aikinmu ɗaya ne. Akwai wani ƙauye kusa da Tama, a kwarin Majiya, inda ƙorama ke cin gaɓa duk damina. Ta cinye wasu garake, ta matso har bayan gidaje. Gida na ƙarshe a bakin gaɓar na Baba Illa ne, wan babana. Babana shi kaɗai ya zama Kirista a gidansu, amma Baba Illa bai taɓa yanke mu ba, kowace kaka sai ya aiko mana da damin hatsi. Waccan shekarar bai aiko ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wani poroje ne, wato shirin agaji, ya ba Alhaji kwangilar gina madatsa ta dutse da siminti don a karya ƙarfin ruwan kafin ya iso ƙauyen. Ladan masu aiki hatsi ne. Sai dai porojen ba ya sakin hatsi ko siminti sai ya ga rahoton wata daga ordinatar, komai ya daidaita, an kai biro ɗinsu na Tawa.

Da zafi ya fara, sai ƴan porojen suka aiko mana da wani saurayi daga Yamai, Mushe Sani (Mushe, wato Malam da Faransanci), masanin irin waɗannan injuna. Mutum ne mai ladabi. Ya buɗe bayan ordinatar ya hura, ya kara kunnensa a jikinta ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Ya ce, "Alhaji, gaskiya zan faɗa maka. Faifan da ke cikinta, wanda ke riƙe da komai, ya gaji. Ka ji wannan ƙas-ƙas ɗin? Mutuwa yake yi a hankali. A sayo sabuwa, a sa sabon lojisiyel, a sake shigar da komai."

Alhaji ya ce, "Wata nawa?"

"Kafin ta iso, kafin Madam ta koya, kafin a kwashe lissafin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar wata biyu."

"Cikin wata biyun nan akwai rahoto?"

"Babu."

"In babu rahoto akwai hatsi?"

Mushe Sani ya girgiza kai. Alhaji ya cire hularsa ya share zufa. Ya ce, "Mushe, na yarda da kai, ba ni musu. Amma mutanen ga duwatsu suka ɗauka da yunwa. In an tsai da aiki watsewa za su yi, kuma ruwa ba shi jiran sabuwar ordinatar." Sai ya juyo gare ni. "Hannatu ɗiyata, kina iya riƙon ta har ruwa shi sauka?"

Ban san abin da ya sa na ce ina gwadawa ba. Wataƙila don na tuna bayan ɗakin Baba Illa, inda in ka miƙa ƙafa sai ta yi lilo a kan rami.

Mushe Sani bai yi fushi ba. Ya ƙara kwana ya koya mini jinya. Kada a kunna ta da rana. Kada a kashe ta da gaggawa. Kullum in kwafe aikin ranar a disket, ƙaramin faifan ajiya, ya bar mini kwali guda. Amma ya gargaɗe ni cewa disket ɗin ajiya ce kawai, babu wata ordinatar a kusa da za ta karanta su, sai an kai Yamai an yi makonni. Da zai shiga mota ya ce, "Madam, ban yi miki alkawari ba. Tana iya kaiwa kaka, tana iya mutuwa gobe."

Daga ranar rayuwata ta koma bin ordinatar. Da kiran sallar asuba nake tashi, in bar Inna tana tsiyaye ruwan anza. Anza ce abincinmu, ƴaƴan daji masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciwu. Warinta ya kama gidan, ya kama zannuwanmu. In an samu ɗan garin rogo a haɗa, in ba a samu ba a ci haka nan da gishiri. Yakubu, yana ƙarami a lokacin, ya kan riƙe ta a baki ya ƙi haɗiyewa, idonsa cike da hawaye, Inna tana lallashi.

A biro sai in fara da jiƙa buhunan algarara in rataya a taga, in yayyafa ruwa a ƙasa, in juya fanka ta kalli injin, ni in zauna cikin zufa. Kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa ba sallama, don haka Alhaji ya sa aka haɗa mata baturan kamiyo a ƙarƙashin tebur. Sai in yi addu'a, in danna maɓalli, in saurara. Gurnani, tari, ƙas-ƙas, sannan koren rubutu. Sai a lokacin nake sakin numfashi. Kafin rana ta ɗaga sosai dole in gama in kashe ta, in lulluɓe ta da zanen gado. Da azahar kwanon rufin biron yana ƙara kamar ana taka shi, in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ta ƙone ka.

Yunwa tana ƙaruwa, mutane suna ƙaruwa a shantiye. Daga wajen Buza suke zuwa, daga tsaunukan Keita, yawanci mata, tunda maza sun tafi. Na je sau ɗaya na gan su, layi guda daga gindin dutse har bakin ƙorama, kowace da dutse a kan gammo, wasu da goyo, ƙafafu sun tsattsage. Ba mai waƙa. Sai ƙarar dutse a kan dutse.

Wata safiya ina shigar da sababbin sunaye ordinatar ta ƙi karɓa. Ta cika. Baturen bai taɓa zaton za ta ɗauki mutane masu yawa haka ba. Hanya ɗaya ce, in share tsofaffin ayyukan da aka gama don a samu wuri. Na buga su a takarda, sannan na bi su ina sharewa. Azuzuwan lekol, makarantar boko, na Bangi. Rijiyar Galma. Ɗakin haihuwa na asibiti, inda na haifi ƴaƴana duka biyu. Kowanne sai ta tambaye ni ko na tabbata, ni kuwa ban tabbata da komai ba, tsorona kada yatsana ya zame in share madatsar kanta. Da wurin ya sake cika, sai na dinga haɗa mata goma-goma a ƙarƙashin sunan babbarsu, ita ce za ta karɓa ta raba.

Haka muka ja har sararin gabas ya fara canza launi da yamma. Iska ta tsaya. Zafin ya koma mai nauyi, mai ɗanko, irin wanda ke sa tsofaffi duban sama. Madatsar ta tashi, saura reshen hagu, wanda ke kare garake. Simintin shantiye ya kusa ƙarewa, hatsin ma haka. Rahoton wannan watan shi ne komai.

Ranar da zan buga shi na zo da wuri. Na jiƙa buhuna, na yi addu'a, na danna. Fankar cikinta ta juya. Na jira gurnanin. Bai zo ba. Sai layi ɗaya na farin rubutu a saman gilashi, sauran duk baƙi. Na kashe na sake kunnawa. Haka. Na sake. Haka.

Ban san lokacin da na zame daga kujera ba. Na ji ɗacin anza ya taso mini har maƙogwaro. A waje direban kamiyo yana ta zuga inji, yana jiran takardar da zai kai Tawa. Abin da nake gani a idona matan nan ne, ranar rabo, suna tsaye da ƙore a hannu.

Alhaji ya shigo ya same ni a ƙasa. Ya dubi gilashin. Ya ce, "Inna lillahi." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Tashi mu tahi gidan waya."

Mun daɗe kafin a samu Yamai. Muryar Mushe Sani tana zuwa tana ɓacewa kamar daga cikin rijiya. Na gaya masa abin da na gani.

Ya ce, "Faifan ne ya liƙe, bai juya ba. Madam, akwai ɗaki mai sanyi a kusa? Sanyi na gaske, mai kilim?"

Na ce sai dai ɗakin ajiyar magani na asibitin mishan.

"Ku kai ta can. Ku bar ta ta huce sosai. Sannan ki kunna, kina dannawa ki mare ta a gefe da tafin hannu, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. In ta tashi kada ki kashe, ki buga komai nan take. In ba ta tashi ba..." Layin ya yanke. Ban taɓa sanin ƙarshen maganar ba.

Muka naɗe ta da katifar yara muka sa a gaban kamiyo. A cinyata na riƙe ta, na rungume kamar mai ciwo, injin bugawa yana ƙafar Alhaji. Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙorana. Alhaji yana ta ce wa direba, "Sannu-sannu, don Allah," can kuma ya ce, "Yi sauri mana." Muna tsakiyar hanya direban ya nuna gabas da haɓa. Hadari ne, baƙi ƙirin, ya tokare ƙasa, ta wajen Majiya. Alhaji ya ciro carbi.

Mai kula da ɗakin maganin, Baba Markus, abokin babana ne. Ya saurare ni, ya dubi Alhaji, ya dubi abin da ke cikin katifa. Ya ce, "Ɗiyar Bulus, ban taɓa kwantar da irin wanga majinyaci ba. Ku shigo da shi." Ya matsar da kwalaye ya ba mu kusurwa.

Sanyin ɗakin ya sa zufar jikina ta zama kamar ƙanƙara, na kama rawar ɗari. Muka zauna a kan kwalaye muna jira. Ta ƙaramar taga ina ganin haske yana raguwa, iska ta taso tana kaɗa bishiyar dogon yaro, ƙofofi suna bugawa. Aka yi tsawa can nesa. Baba Markus ya ce in aka fara ruwa sukan kashe gurup, injin da ke ba su wuta, don haka kada mu daɗe. Na taɓa jikin ordinatar, ya yi sanyi kamar randa.

Na haɗa wayoyi. Baba Markus ya sunkuyar da kai yana addu'a, Alhaji yana tasa. Na danna, na ɗaga hannu, na kasa. Shekara da shekaru ina lallaɓa ta, ko ƙuda ba na bari ya sauka a kanta.

Alhaji ya ce, "Mare ta, Hannatu!"

Na mare ta. Shiru. Sai wani ɗan kuka siriri, ya yi sama, ya zama gurnani. Tari. Ƙas-ƙas. Kore.

Ban yi murna ba, ban da lokaci. Na shiga rahoton na tura, injin bugawa ya fara tsiwarsa, layi bayan layi, a hankali kamar da gayya. Fitila ta yi ƙasa ta dawo. Na dafe takardar da hannu biyu ina roƙon ta a zuci. Da shafi na ƙarshe ya fito, Alhaji ya yage shi ya cusa cikin rigarsa ya fita da gudu, dattijo mai furfura, takalmi ɗaya a hannu.

Hadarin ranar bai zubar ba, iska ce ta watsa shi. Hatsi da siminti suka iso, aka shiga aiki ba ji ba gani. Amma sama ba ta ƙara ba mu lokaci mai yawa ba. Ranar da na bi kamiyo zuwa ƙauyen don rabon hatsi, reshen hagu bai kai rabin tsayinsa ba, simintin samansa ma ɗanye ne.

Da la'asar aka fara ruwa. Ɗigo manya-manya, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suna ihu suna tsalle. Sai ruwan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a zauren Baba Illa. Da ya tsagaita mutane suka fito suna dariya, amma Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Daga wajen tsaunuka wata ƙara tana tahowa, kamar kamiyoyi da yawa a jere.

Ya ce, "Ga ta nan. Ku hid da yara, ku hau tudu."

Na ga ruwan da idona. Ja ne, kansa ya ɗauko itatuwa da kara da gawar jaki, yana tafe kamar bango. Ya bugi madatsar, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafuna. Matar Baba ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shige. Ruwan ya hau, ya hau, ya yi kumfa a saman duwatsun da matan nan suka ɗauko da kansu. Tsakiyar ta tsaya. Reshen dama ya tsaya. Na hagu ya yi kamar zai jure, sai muka ga dutse ɗaya ya fita, sai na biyu, sai ya buɗe. Ruwan ya karkata ya bi ta garake. Garkar Baba Illa, da rijiyarta, da mangwaron da kakanmu ya dasa, duk suka tafi muna kallo. Amma ƙarfinsa ya riga ya karye. Ya zo bayan ɗakin Baba ya lashi gindin katanga, ya yi ta lasa, bai ƙara hawa ba.

Muka tsaya a tudun har ƙarar ta ragu. Na zauna cikin taɓo. Baba Illa ya gangara shi kaɗai ya tsaya inda garkarsa take, ya daɗe. Da ya dawo ya dubi ɗakunansa, ya dubi jikokinsa, sannan ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Rijiyar ubanmu ta tahi, ɗiyata."

Na ce, "Na gani, Baba."

"Wani ruwan na nan tahe. Ki ce ma Alhaji shi aiko da siminti a toshe wurin ga."

Na ce, "Sai in ordinatar ta tashi, Baba."

Bai san mece ce ordinatar ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce, "To tahi ki tashe ta."

Ta tashi. Kashegari ta tashi, da mari. Bayan nan ma kullum sai da mari, wani lokaci biyu. Aka gyara reshen hagu tsakanin ruwa da ruwa. Tafasa ta fito, muka bar anza. Dauda ya dawo ya yi shuka. Ni dai kowace asuba ina gaban baƙin gilashin nan, har hatsi ya nuna aka fara cin tumu.

Bayan kaka Mushe Sani ya zo da sabuwa a cikin kwali. Muka kwashe lissafin a natse, babu mai jira a waje. Ranar da muka gama ya ce in kashe tsohuwar da hannuna, na kashe. Na koma gida da rana tsaka na kwanta a tabarma ko zane ban canza ba. Na yi barci har rana ta faɗi, har Inna ta tsorata, ta zo ta kara hannunta a hancina ta ji ko ina numfashi.